Katakon Bin Taurari a Bakin Gadar Wudil

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa musu da ariyas, wato kuɗin watannin baya, kusan duk malaman da muke koyarwa tare a Wudil babur suka saya. Wasu suka ƙara da rediyo mai kaset. Ni kuwa na shiga mota na tafi Kano, na dawo da kyamara a rataye a wuya. Matata ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan ce za ta kai mu asibiti in ta kama?"

Lissafi nake koyarwa, amma tun ina yaro a Utai, lokacin da muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida da zafi, idona a sama yake. Abin da nake so shi ne in ɗauki hoton taurari. Na kifa turmi a tsakar gida, na ɗora kyamarar a kai, na buɗe idonta na bar shi a buɗe na ɗan lokaci don hasken ya taru. Da na karɓo hotunan a wurin mai wanki a Kano, babu tauraro ko ɗaya. Zane-zane ne farare, kamar kaza ta yi tono a kan baƙin allo. Mai wankin ya ce hannuna ne ya yi rawa. Na san ba hannuna ba ne. Sama ce take juyawa a hankali daga gabas zuwa yamma, kyamarar kuma tana zaune wuri ɗaya. In ana son tauraro ya fito ɗigo, sai kyamarar ta bi shi.

Na samu dabarar a wata mujallar ƙasar waje da wani malami ya bari a ɗakin karatu da zai koma ƙasarsu. Abin ba wuya a takarda. Katako biyu ne, a haɗa su da patta, ƙarfen nan da ƙyaure yake juyawa a kansa. Ana ɗaure kyamara a kan na sama. Sai a huda na ƙasa, a zura dogon noti ya tokare na sama. In kana murɗa notin zagaye ɗaya a kowane minti, katakon sama zai riƙa ɗagawa a hankali, daidai da tafiyar taurari. Sharaɗi biyu ne. Nisan da ke tsakanin pattar da notin ya dace da zaren notin, wato layukan da suka zagaye jikinsa, sannan pattar ta kalli tauraron arewa, wanda shi kaɗai ne ba ya gusawa daga inda yake.

Notin ne ya fara ba ni wuya. Na zaga wurin bakanikai da rula a aljihu ina ƙirga zare, suna kallona. Da na samu wanda ya yi, na zauna na fitar da nisan. Wani kafinta a bayan kasuwa ya yanka mini katakon daga ragowar wata ƙofa. Yana ɗaura pattar ya ce, "Malam, na yi ƙofofi da yawa, amma ban taɓa yin wadda ba ta da ɗaki ba." Pattar farko tana da lilo, muka cire muka sa wata. Ya yi mini ƙafafu uku na katako da za su ɗauki abin. A kan notin na manna murfin gwangwanin madara, na yi masa alama huɗu, yadda zan riƙa bin hannun agogo mai gudu. Daga ƙarshe na yanke bututun tsohon famfon keke na ɗaure shi a jikin pattar, don in leƙa ta ciki in saita tauraron arewa.

Da rana muke gwaji. Matata tana riƙe da agogo, duk sanda hannun ya kai rubu'i sai ta ce "yanzu", ni kuma in duba ko alamata ta iso. Tun tana dariya har ta fi ni tsanani. In na wuce sai ta ce, "Ka yi sauri, Malam. Sake."

Matsalar da ban hango ba ita ce, a ƙasarmu tauraron arewa ba ya hawa sama. Can ƙasa yake, kaɗan ya ɗara kan bishiyoyi. A gidana katangar maƙwabci da mangwaronsa sun tare shi gaba ɗaya. Na yi saiti da ka, hotunan suka ɗan gyaru amma ba su yi ba. Ina cikin tunanin inda zan samu fili sai ƙasa ta rikice.

Wata Juma'a da safe rediyo ta sauya murya. Kafin yamma kowa ya san an harbe shugaban ƙasa a Legas. Aka sa dokar hana fita. Sojoji suka kafa shinge a gadar Wudil, suna sauke fasinja, suna duba fuska, don an ce wasu daga cikin waɗanda suka yi abin sun gudu kuma ba a san inda suka nufa ba. Garin ya yi tsit. Ko a majalisa in mutum zai yi maganar, sai ya waiga tukuna.

Ba a yi wata guda ba tauraruwa mai wutsiya ta fito. Da asuba ake ganinta a gabas, wutsiyarta a miƙe sama, fara sol. In an fito daga masallaci sai mutane su yi cirko-cirko, wasu suna salati, wasu suna cewa ba a gama ba, akwai abin da ke tafe. Ni ma gabana ya faɗi da na fara ganinta, amma wani abu ne daban ya hana ni barci. Na san ba za ta daɗe ba, kuma mai yiwuwa ba zan sake ganin irinta ba.

Yayana yana da lambu a bakin kogi, sama da gadar. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta. Daga yashin da ke gaban lambunsa ana ganin gabas da arewa tar, babu abin da ya tare. Na same shi yana gyara kwamin albasa na gaya masa.

"Ka san su waye a kan gadar nan?" ya ce.

"Na sani, Yaya. Amma an sassauta dokar. Kai ma da asuba kake zuwa ban ruwa."

"Ni sun san ni. Da garma nake zuwa."

"Sau ɗaya ne. Kafin a kira salla mun gama."

Ya ce, "In ba na nan ma zuwa za ka yi, na san ka. Gara ina tsaye."

Matata ba ta yarda ba. Ta ce in bari sojojin su tashi. Na ce tauraruwar za ta riga su tashi. Da zan fita ta miƙo mini agogon ba ta dube ni ba.

Mun isa yashin da sauran duhu. Akwai ɗan sanyi, kogin ya janye, sai siririn ruwa a tsakiya. Na kafa ƙafafun ukun, na danna su cikin yashi, na tsuguna na leƙa bututun. Ga tauraron arewa nan, ƙarami, a saman ƙarfen gadar. A ƙasansa kaɗan wutar da sojoji suka hura tana ci. Na ga wutar, amma ban kawo komai a raina ba, murna ta cika ni don karon farko ke nan da na saita abin yadda ya kamata. Na juya kyamarar gabas. Na ba Yaya agogo da tocila wadda na ɗaure wa jan ƙyalle a baki don kada haskenta ya ɓata hoton. Na buɗe idon kyamarar na fara murɗawa.

"Yanzu," in ji Yaya, a hankali. Can kuma, "Yanzu."

Mun ɗauki na farko lafiya. Muna cikin na biyu sai ya daina magana. Na ce, "Yaya, agogo." Sai na ji takun takalmi a kan yashi, ba na mutum ɗaya ba.

Haske ya doke mu a fuska. Wani ya daka tsawa da Turanci, ya ce kada wanda ya motsa. Hannuna yana kan murfin gwangwanin, kuma wallahi ban san lokacin da na ƙara murɗa shi ba, jiki ne ya saba. Na ji ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta.

"Sake shi," in ji Yaya. Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Sake shi, ka ɗaga hannu."

Na saki. Su uku ne. Wanda ya fi kusa da ni saurayi ne, yana ta maimaita magana ɗaya. Shi na fi tsoro, don na ga ya fi ni firgita. Babbansu saje ne, dattijo mai ƙiba, da Hausarsa ta bariki. Ya zagaya abin nawa daga nesa, bai taɓa ba.

"Wannan mene ne?"

"Na ɗaukar hoto ne, ranka ya daɗe. Hoton tauraruwar can."

"Tauraro yana can." Ya nuna gabas da tocila. Sannan ya haska bututun. "Wannan ina yake duba?"

Ya durƙusa da kansa ya sa ido a bututun. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe fuskarsa ta canja.

"Wutarmu nake gani a ciki."

Nauyin gwiwarsa ko hannunsa ya ɗan dannar da abin, ko kuwa wutar ce ta fi ɗaukar ido, ban sani ba. Na fara bayani, cewa akwai tauraro a saman wutar, shi ake saitawa. Ya ce in rufe baki. Ya ɗauki tocilar mai jan ƙyalle daga ƙasa, ya kunna, ya kashe, ya kunna.

"Wa kuke yi wa alama?"

Aka sa ni na ɗauki katakon a ka, Yaya yana gaba hannu a sama, har kan gada. Suka sa mu durƙusa a gefen shingen. Muna nan aka kira salla. Yaya ya ce, "Saje, a ba mu ruwa mu yi alwala." Sajen ya dube shi, ya sa aka kawo buta. Muka yi salla a kan kwalta, saurayin nan yana tsaye a bayanmu. Muna sallamewa aka ce mu koma yadda muke.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa. Gari yana wayewa mutane suka fara tsallakowa, masu shanu, masu jakuna, mata da ƙorai, manyan motoci. Kowa sai ya tsaya a shingen a duba shi, kuma kowa sai ya gan mu. Ni malami ne baƙon ido ga mutanen ƙauye, amma babu wanda bai san Yaya ba. Mutum ne da ake kira rabon gado da sasanta rikicin gona. Wasu suka kawar da kai don kunyarsa. Shi kuwa yana durƙushe, idonsa a kan kwalta.

Da hantsi na samu saje ya saurare ni. Na nuna masa katin aikina. Na kwance masa yadda abin yake, patta, noti, agogo. Ya ce to, in nuna masa tauraron da nake cewa. Na ɗaga kai. Rana ta riga ta fito, sama fes, babu komai.

"Sai da asuba, ranka ya daɗe."

"Ka gani," ya ce.

Ya ce a cire fim ɗin. Na roƙe shi ya bar ni in naɗe shi da hannuna kafin a buɗe, don in haske ya taɓa shi, shaidata ce ta ƙone. Ya yarda da wannan. Ya sa shi a aljihun gaba ya ɓalle maɓalli. Ya ce ya aika wa manyansa, mota za ta zo daga Kano ta tafi da ni, can zan yi bayani.

Kafin azahar mai unguwa ya zo da dattawa biyu suka tsaya wa Yaya, aka sake shi. Ni aka ce nawa ya wuce hannun saje. Aka zaunar da ni a bayan tantinsu. Yaya ya tafi bai waiwayo ba. Can sai ga shi ya dawo da kwanon abinci daga gidana. Ya ajiye, ya tsallaka titi, ya zauna a gindin wata bishiya yana fuskantar tantin. Bai je kasuwa ba. Masallacin Juma'a kaɗai ya tashe shi, aka sauko ya dawo.

Ban iya cin abincin ba. A kwanakin nan kowa yana jin labarin waɗanda aka ɗauka a mota, ba wanda ya san gaskiyar inda suke. Duk ƙarar injin da na jiyo daga ɓangaren Kano sai in bi ta da ido har ta wuce shingen. Da la'asar saurayin sojan ya kawo mini ruwa. Ya tsaya yana kallon katakon da aka jingine, ya tambaye ni da Turanci ko da gaske malami ne ni. Na ce e. Ya ce shi ma ya so ya yi karatu. Bai ƙara ba, ya koma bakin aikinsa. Da magariba aka kori Yaya, aka ce ba a zama a nan da dare. Na kwana a zaune.

Motar ta iso kafin asuba. Wani hafsan soja ya fito, matashi, da alama shi ma bai runtsa ba. Saje ya ƙame ya yi masa bayani, ya miƙa masa fim ɗin. Hafsan ya haska katakon sau ɗaya, ya ce a sa shi a mota, ni ma a sa ni. Har an kama hannuna.

"Ranka ya daɗe," na ce, "yanzu tauraron yana nan. In an tafi da ni, can ma sai an jira asuba. Ga wurin can, ba nisa."

Saje ya yi gyaran murya ya ce, "Oga, tun jiya maganarsa ɗaya ce, bai canja ba."

Hafsan ya dubi agogonsa. Ya ce, "Mu je. Kada ka ɓata mini lokaci."

Muka gangara yashin. Ramukan da ƙafafun suka yi jiya suna nan, na nuna masa, na mayar da kowace ƙafa raminta. Na tsuguna na leƙa. Baƙi ƙirin. Na ɗaga kai na duba arewa, sai na ga wani siririn gajimare ya kwanta a saman gadar, daidai wurin. Gabas kuma ta fara ja.

"Ina yake?"

"Gajimare ne, ranka ya daɗe. Yanzu zai wuce."

Muka tsaya. Ina jin sojan da ke bayana yana sauya ƙafa. Na karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Daga cikin gari ladan ya fara kira. Hafsan ya juya ya ce wa saje, "Ya isa." A daidai nan gefen gajimaren ya yage.

Na faɗa kan bututun. Na dafe katakon da goshi. Na ɗan ɗaga, na ɗan karkata, ga shi a tsakiya. Na ja da baya da gwiwa na ce, "Kada a taɓa, a leƙa kawai."

Hafsan ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe. Ya ɗago ya dubi gadar da idonsa, ya sake leƙawa. Sannan ya ce in nuna masa yadda notin yake aiki. Na murɗa masa, ya sa yatsa a katakon sama yana jin yadda yake ɗagawa. Da ya miƙe sai ya juya gabas. Tauraruwar tana nan, ta fara dusashewa cikin hasken alfijir. Dukkansu suka tsaya suna kallonta, har da saurayin.

"Malam," in ji saje, a hankali, "kai da ka yi karatu, me take nufi?"

Na ce littattafai sun ce ƙanƙara ce da ƙura, tana zagaya rana ta wuce. Abin da ya wuce wannan, Allah ne masani. Ya gyaɗa kai, amma ban ga alamar hankalinsa ya kwanta ba.

Hafsan ya ce in ɗauki kayana in tafi, kada a sake ganina kusa da gadar. Ya sa aka kwance bututun ya tafi da shi. Fim ɗin ma ya ce sai an wanke an gani. Fim ɗin bai dawo ba har yau.

Da na hau gaɓa na tarar da Yaya a bakin lambunsa, da buta a hannu. Ashe yana nan tun ɗazu, ya ga komai. Muka yi salla tare a kan kunyar albasa. Da muka idar na ce, "Yaya." Ya ɗaga mini hannu, ya ɗauki garmarsa. A gida matata ta buɗe mini ƙofa, ta karɓi katakon daga kaina ta jingine shi a bayan randa, ta ɗora ruwan wanka. Sai da na fito ta zauna a bakin gado ta yi kukanta.

Bayan mako guda na sake yanka wani bututun, na sayi wani fim, na tafi Utai, gonar kawunmu, inda babu gada babu soja. Tauraruwar ta riga ta rage, wutsiyar ta gajarce. Na ɗauke ta duk da haka, ina riƙe da agogo a hannun hagu ina murɗawa da dama. Hoto biyu suka yi kyau. Taurarin da ke kewaye da ita sun fito ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

Yaya kuwa ya yi watanni ba ya wuce gaisuwa da ni. Ba ya faɗa, ba ya ɗaure fuska, amma in na zauna sai ya tuna yana da aiki. Ya kuma daina bi ta kan gadar ranar kasuwa, sai ya aiki wani. Ban nuna masa hotunan ba.

Da damina ta faɗi matarsa ta haihu. Ana gobe suna ya yi sallama a ƙofar gidana, abin da ya daɗe bai yi ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa. Da zai tashi, yana neman takalminsa da ƙafa, ya ce, "Gobe ka zo da na'urar nan taka. Innarmu za ta zo daga ƙauye, ba ta da hoto ko ɗaya."

Na ce to. Washegari na ɗauke su a tsakar gida da hantsi, tsohuwar tana zaune a kan kujera da jaririyar a cinya, Yaya yana tsaye a bayanta da sabuwar hula.